Kyalla da Ranar Sakaina

Da damina ta kankama, duk akuyar da ke ƙauyen su Tahira a ɗaure take. Gonaki sun zo har gindin katangar gidaje, gero nan, gyaɗa nan, ba wata makiyaya da ta rage. Mai dabba sai ya kafa mata turke a tsakar gida, ya riƙa yanko mata ciyawa safe da yamma har a yi girbi.

A irin wannan lokaci Tahira ta dawo daga jami'a. Tana shekarar ƙarshe a karatun likitan dabbobi, kuma aikin binciken da za ta kammala da shi a kan awaki ne. Iyayenta suna cikin Kano, gidan haya, ko kaza ba su ajiye. Don haka ta ɗauko akwatin katako mai madubin likita da makaranta ta ba ta aro, ta shiga motar Gezawa, ta sauka gidan yayar babanta, Gwaggo Halimatu Sadiya, mai awaki takwas.

Gwaggo ta haura sittin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi aure, ita da awakinta ne a gidan. Ta yi murna da baƙuwar, ta dama mata fura, sannan ta tambaye ta wane irin aiki ne za a yi wa awakin.

Tahira ta yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ta ce, "Gwaggo, gobe da safe dai kya gani."

Da gari ya waye ta sa safar hannu, ta ɗauko tsinke mai auduga a kai, ta jiƙa shi. Ta roƙi Gwaggo ta riƙe mata akuyar farko. Ta ɗaga wutsiyar, ta goge wurin, ta zura tsinken a hankali cikin farjin akuyar, ta murza sau biyu ta zaro. Sai ta mirgina audugar a kan wani ɗan gilashi mai tsawon yatsa.

Gwaggo ta saki akuyar, ta miƙe tsaye tana kallon 'yar ƙaninta.

"Shekara nawa yanzu kike jami'ar nan?"

"Shida ke nan, Gwaggo."

"Ubanki yana gaya wa mutane likita ce ke."

"Ai likitar ce."

"To," in ji Gwaggo. Ta je ta tura ƙyauren zaure, ta sa masa sakata. "Kada maƙwabta su shigo su ga likitancin."

Tahira ta bi awakin takwas ɗaya bayan ɗaya. Da gilasan suka bushe ta ɗiga musu wani shuɗin ruwa mai kama da shuni, ta ɗauraye, ta jera su a faifai. Ta kife turmi a inda rana ke faɗowa, ta ɗora madubin likitan a kai. Irin na da ne, ba ruwansa da lantarki, wani ɗan madubi ne a ƙasansa ke taro hasken rana.

Kwana uku Gwaggo ba ta ko kalli turmin ba. Tana riƙe akuya, tana kau da kai, tana gamawa ta ɗauki lauje ta tafi yankan ciyawa. A na huɗu ta zo ɗaukar taɓarya, ta tsaya a bayan Tahira ta ƙi tafiya.

"Wai me kike leƙe tun ɗazu kamar mai neman ƙaya?"

Tahira ta matsa mata. Gwaggo ta durƙusa, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta kafa ɗayan.

"Ɗanwake," ta ce.

"Na'am?"

"Ga su nan ƙanana, dunƙule-dunƙule, kowanne da baƙi a tsakiya. Ɗanwake ne a cikin ruwan shuni. Ga kuma wasu sun fi su faɗi, kamar waina."

Tahira ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta bayyana mata cewa ƙwayoyin halitta ne da ke saɓulowa daga bangon farjin dabba, kuma kamanninsu na sauyawa gwargwadon inda akuyar take a zagayenta na kwana ashirin da ɗaya. Ta faɗi sunayensu na Turanci. Gwaggo ta gwada maimaita na farko, harshenta ya harɗe, ta ce ɗanwake ya ishe ta.

Tahira ta canza gilashi, ta sa na wata farar akuya da tun jiya take kuka tana kaɗa wutsiya. Gwaggo ta leƙa.

"Wannan kuma wa ya fasa ƙwarya? Duk sakaina ce."

"Su ne manyan. Sun baje, sun yi kusurwa-kusurwa, baƙin tsakiyar ya ƙanƙance ko ya ɓace. Idan kika ga sun cika gilashi, akuya na neman bunsuru."

"Wannan ai ko makaho ya ji kukanta ya sani."

"Haka ne. Bayan kwana biyu kuma za ki ga wasu 'yan mitsi-mitsi sun watsu ko'ina. Sojojin jini ne, masu share wurin. In sun yi yawa, lokacin ya wuce."

Bayan kwana biyu Gwaggo ta gan su da idonta, ta raɗa musu suna tsaki. Daga nan yankan ciyawar safe ya koma hantsi. Tahira takan ƙirga ƙwaya ɗari a kowane gilashi, ta rubuta nawa ne ɗanwake, nawa waina, nawa sakaina, domin na akuya ba ya fita tas kamar na karya, sai an ƙirga. Gwaggo ta ce kada ta kuskura ta shigo mata da zancen karya gida. Amma ƙirgar ta karɓa, da tsakuwa take yi, tana tara kashi uku a gefen turmi, kuma sau da yawa lissafinsu kan zo ɗaya.

A cikin awakin akwai wata ja mai farin tabo a goshi, sunanta Kyalla. Da bazara ta yi ɓari, ta kwanta ciwo kusan wata guda. Ta warke, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, amma tun daga lokacin Gwaggo ba ta ga ta nuna alamar neman bunsuru ba. Ba kuka, ba kaɗa wutsiya, sai ci.

"Ɓarin nan ya mayar da ita juya," in ji Gwaggo wata safiya, tana zuba mata dusa. "Bayana ba zai iya yi wa juya yankan ciyawa ba. Ran kasuwa mai zuwa mahauta za su gan ta."

"Ki ba ni sati uku, Gwaggo. Akwai masu yin nasu shiru, jiki na aikinsa amma ba su nunawa."

"Mai kunya ce ke nan."

"Kusan haka."

Gwaggo ta dubi Kyalla, wadda ta tura kai cikin kwanon dusa har kunnuwa. "Ban ga alamar kunya a nan ba. Amma na ba ki."

Kwana tara gilashin Kyalla ba abin da yake nunawa sai ɗanwake da waina. A na goma sakaina ta ɗan ƙaru, amma ba ta kai yadda Tahira za ta kula ba. Ran nan kuma malamin da ke duba aikinta ya kira ta, ta shiga Kano da niyyar kwana ɗaya. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyar ƙauyen ta yanke, ta kwana uku.

Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki na Kyalla. Gwaggo ce ta fara leƙawa. Ta ɗago a hankali.

"Tsaki ne, Tahira. Kamar an zazzage buhu."

Tahira ta duba. Tsaki ya cika ko'ina, ga ragowar sakaina nan a nannaɗe, ɗanwake ya fara dawowa. Ta rasa ko murna za ta yi ko haushi za ta ji.

"Ba juya ba ce, Gwaggo. Ta yi, ya wuce, ina can Kano."

"A gabana ta yi? Ina zaune a gidan nan?"

"A gabanki."

Gwaggo ta je gaban turken Kyalla ta tsaya, hannu a ƙugu. "Ni nake yanko miki ciyawa, amma sirrinki sai 'yar Kano." Kyalla ta ci gaba da tuƙa.

Maganar mahauta ta mutu. Tahira ta ƙirga kwanaki a kalandar wayarta ta nuna mata inda suke sa rai, Gwaggo kuma ta ja layi da gawayi a jikin bangon madafa, kullum tana goge ɗaya. Saura bunsuru. Gwaggo ba ta ajiye shi, ta ce ba za ta kwana da wari ba. Amma maƙwabcinta Malam Abdulrashid yana da wani jan bunsuru ƙato, mai gemu da faɗin ƙirji, wanda duk mai akuya a ƙauyen ke son irinsa. Gwaggo ta je har zaurensa, suka gaisa, ta ce, "Malam, nan da sati uku Kyalla za ta zo gaida naka."

"Yaya aka yi kika san ranar tun yanzu, Hajiya?"

"Muna da hanyoyinmu," in ji Gwaggo, ta yafa mayafinta ta fito.

A kwana na goma sha takwas waina ta fara yawa, ɗanwake ya ja baya. A na goma sha tara sakaina ta kai talatin cikin ɗari. Gwaggo ta so a kai ta a ranar, Tahira ta ce a ƙara haƙuri. Washegari da hantsi Gwaggo ta ƙirga da tsakuwarta, kashin sakaina ya yi tsibi, na ɗanwake ƙwaya huɗu kacal. Tsaki ko ɗaya babu.

"Yau ce," in ji Tahira. "Zuwa gobe da yamma, sai kuma wani sati ukun. Ni kuwa saura kwana goma in koma makaranta."

Gwaggo ta kwance Kyalla, suka nufi gidan Malam Abdulrashid. Turken bunsurun wayam. Matar gidan ta fito tana ba da haƙuri. Jiya da la'asar bunsurun ya tsinke igiya, ya shiga gonar gyaɗar liman, ya yi ɓarna son ransa. Karo na uku ke nan. Malam ya yi rantsuwa ba zai sake kwana da shi ba, tun da sassafe ya ja shi kasuwar da ke ci yau a bakin titi.

Gwaggo ta naɗe igiyar a hannu. Ta juya, ta ja Kyalla har bakin hanya, ta tare adaidaita sahu.

"Gwaggo, akwai wasu bunsurai a garin nan fa," in ji Tahira.

"Sati uku ina goge gawayi saboda wancan. Shiga."

Suka shiga, Kyalla a tsakiyarsu, kanta a waje tana ƙoƙarin cafko ganyen gero duk inda suka matsa kusa da gona. Sau biyu taya ta kafe a taɓo, Tahira ta sauka ta taya direban turawa. Gwaggo ba ta sauka ba, ta ce ita ce mai riƙe amarya.

A kara, wato ɓangaren dabbobi na kasuwar, suka tarar da Malam Abdulrashid a gindin darbejiya yana shan rake, igiya a naɗe a hannunsa. Ya sayar tun ɗazu. Ya nuna musu wata babbar mota da ake lodi, mai zuwa kudu, da wani dogon mutum mai hula a karkace da ke tsaye a bayanta yana ba da umarni. Sunansa Alhaji Zubair, fataucin dabbobi yake yi.

Tahira ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Duk wurin maza ne. Gwaggo ta ɗaure Kyalla a wani turke da ke kusa, ta ce wa Tahira ta biyo ta, ta nufi mutumin kai tsaye.

"Salamu alaikum, Alhaji. Jan bunsurun nan mai gemu da ka saya, sauko min da shi zan yi magana da shi."

Alhaji Zubair ya dube ta da kyau. "Inna, saye za ki yi?"

"Aro. Minti goma."

Masu lodi suka fara tsayawa da aiki. Alhaji ya ce bunsurun yana can ƙurya, sai an sauke wajen ashirin kafin a kai gare shi, kuma ya tambayi dalili. Gwaggo ta ce akuyarta ce ke da alƙawari da shi. Ya waiga ya hango Kyalla tana tsaye shiru kamar an dasa ta.

"Inna, shekarata talatin a harkar nan. Waccan ba ta neman komai sai ciyawa."

"Kai da ido kake gani. Mu ciki muka duba. Sakaina tamanin da biyu, waina goma sha huɗu, ɗanwake huɗu, tsaki babu."

Alhaji ya juya ga Tahira, ya rage murya. "'Yata, lafiyarta ƙalau kuwa?"

Tahira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ta sauke mayafin, ta gaya masa ita ɗalibar likitan dabbobi ce, ta bayyana masa abin da ake gani a madubi da abin da yake nufi, cikin kalmomin da za su faɗu a gaban maza. Tana magana muryarta na ƙara ƙarfi. Mutane sun kewaye su, wani dattijo yana gyaɗa kai, ya ce shi ma yana da tunkiya mai irin wannan hali. Alhaji Zubair ya cire hula ya sosa kai.

"Wallahi ina so in ga ƙarshen wannan. Ku sauko da shi."

Aka yi ta sauke awaki, ana miƙo su hannu da hannu, kuka ya cika wurin. Aka fito da jan bunsurun, yana huci, gemunsa duk kashin 'yan uwansa. Gwaggo ta karɓi igiyarsa da kanta, ta juya da shi cikin taƙama, jama'a suka buɗe mata hanya.

A turken da ke maƙwabtaka da na Kyalla akwai wani ɗan baƙin bunsuru, ramamme, ƙaho ɗaya a karye, wanda tun safe ba wanda ya taya. Igiyarsa tana da tsawo. Lokacin da Gwaggo ta iso, yana saukowa ne daga bayan Kyalla. Ita kuwa Kyalla tana tsaye daram, wutsiyarta na kaɗawa kamar mafici.

Mai shi, wani tsoho da ke zaune a kan buhu, ya ce, "Karo na biyu ke nan, Hajiya. Na yi ta kira, hankalinku na wajen mota."

Sai dariya ta ɓarke daga bayan taron ta zagayo gaba. Alhaji Zubair ya dafa motarsa yana share hawaye. Gwaggo ta matso da jan bunsurun duk da haka. Ya sunsuna Kyalla, ya ɗaga leɓe sama, ya yi atishawa. Kyalla ta juya ta kai masa karo a haƙarƙari, ta koma gefen baƙin ta tsaya.

"Likita," in ji Alhaji Zubair da ya samu numfashi, "na yarda. Ranar dai kun same ta. Angon ne kuka yi kuskure."

A hanyar dawowa Gwaggo ba ta yi wa Kyalla magana ba, ba ta yi wa Tahira ba. Sai da suka wuce inda suka kafe ɗazu ta ce, "Ƙaho ɗaya."

"Karyewa ya yi, Gwaggo. Ba a gadonsa."

"Ramar fa?"

"Yunwa ce. Na duba haƙoransa da ƙafafunsa, lafiyarsa lau."

"Har kin duba surukin naki." Gwaggo ta kau da kai, kafaɗunta na rawa. Tahira ta gane dariya take yi, ita ma ta saki tata, har direban ya waigo.

Bayan kwana biyu tsaki ya cika gilashin Kyalla. Tahira ta roƙi malaminta ƙarin sati uku, ya ba ta. Ranar da ya kamata sakaina ta dawo in cikin bai shiga ba, suka duba tare, waina ce da ɗanwake. Washegari ma haka, har kwana biyar. Tahira ta ce alama ce mai kyau, amma ba za ta rantse ba, sai ciki ya fito. Ta rufe madubin a akwatinsa, Gwaggo ta raka ta bakin titi da ƙullin kuka da daddawa.

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan haka, Tahira tana asibitin dabbobi na makaranta tana wanke hannu bayan ta gama ɗinke wani rago, wayarta ta yi ƙara.

"Uku," in ji Gwaggo, ko sallama babu. "Biyu mata, ɗaya namiji. Baƙaƙe wuluk dukansu, ko tabon uwar ba su ɗauko ba."

"Masha Allah. Sun miƙe?"

"Biyu sun miƙe suna sha. Ƙaramar ce ta kasa, manyan sun ture ta."

"Mabiyiya ta faɗo?"

"Ta faɗo."

"To ki goge ƙaramar da tsumma ta bushe, ki kai ta inda rana take. Ki janye manyan, ki riƙe ta a kan nonon da hannunki. Dole ta sha dakashin nan yanzu, kada a kai azahar. In ta kasa tsotsa ki tatsa ki ɗiga mata da cokali, kaɗan-kaɗan."

"To, Likita. Tsaya kar ki kashe."

Tahira ta jingina da bango, wayar a kunne. Tana jin takun Gwaggo, da kukan manyan biyun da aka raba da nono, da Gwaggo tana lallashin Kyalla ta tsaya wuri ɗaya. Aka ɗan jima.

"Ta kama," in ji Gwaggo. "Sai anjima, hannuna duka biyu nake bukata."